AMANA MAI ƘAFA TAKWAS

Shafi na 14

Masu turo min saƙo cewa tun da muka fara labarin nan sai sun kakkaɓe bargo suke kwanciya, ku yi haƙuri, ni ma da nake rubutawa haka nake yi. Bismillah, mu je.

*

Tun daga bakin lif Ramlat ta ji ƙamshin.

Turaren wuta ne haɗin Barno, irin wanda Ummanta ba ta zuwa ko'ina sai da kwalbarsa a jaka. Kwana uku ke nan da Hajiya Jummai ta sauka Dubai saro abayoyi, kuma a kwana ukun nan ta mayar da ɗan fulat ɗin 'yarta na International City kamar ɗakin amarya. Murmushi Ramlat ta fara yi. A gajiye take liƙis, tun bakwai na safe tana tsaye a kantin magani, ga bas ya ja musu rai a hanya. Ƙamshin gida kuwa ko a ina ka ji shi sai zuciya ta yi sanyi.

Sai da ta zura mukulli a ƙofa sannan ta tsaya cak.

Hayaƙi. In akwai ƙamshi haka, to an yi hayaƙi.

A can kantar sama ta cikin sif ɗin kayanta, bayan jakunkuna, ƙarƙashin wani tsohon mayafi, ta ɓoye Talatu tun ana gobe Umma za ta zo. Talatu dai ba mutum ba ce. Macen gizo-gizo ce, irin manyan nan masu gashi da ake kira tarantula, faɗinta ya kai tafin hannu, gwiwoyinta ja-ja kamar an sa mata lalle. Ta yayanta Dikko ce, wanda Allah ya yi wa rasuwa wata huɗu da suka wuce. Kuma cikin abubuwan da ya gargaɗe ta a kai, hayaƙi ne na farko.

Ta tura ƙofar da sallama, muryarta can ƙasa.

Umma na zaune a kan kafet ta jingina da bango, carbi a hannu. A ɗaya ƙarshen falon kuwa, nesa da ita iya nisan da falon zai iya bayarwa, ga akwatin gilashin nan a kan tebur, an mayar masa da mayafinsa an lulluɓe.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

"Sannu da gida, Umma."

"Zauna."

"Bari in ajiye jaka in..."

"Na ce zauna."

Ta zauna a gefen kujera, jakar a cinya. Idonta na son zuwa tebur, tana dawo da shi.

Umma ta ja carbi uku kafin ta yi magana. Ba faɗa a muryarta, kuma Ramlat ta fi tsoron irin wannan muryar.

"Wane malamin ne ya ba ki?"

"Na'am?"

"Kin ji ni sarai. Na nan garin ne, ko daga gida aka aiko miki?"

"Umma, ba..."

"Ramlatu, shekara ashirin da tara ba tsufa ba ne. Miji nufin Allah ne, lokacinsa in ya yi ko kina cikin rijiya zai zo. Ban taɓa matsa miki ba. Me ya yi zafi har za ki sayar da imaninki?"

"Wallahi Umma ba asiri ba ne."

"To mene ne? Mutum da hankalinsa ya kama tautau ya sa a gilashi, ya shimfiɗa masa ƙasa, ya ajiye masa ruwan sha kamar baƙo? Har da gyare na gani a roba, an huda musu murfi. Ke da tun kina yarinya in kika ga yana a lungu sai unguwa ta ji ihunki?"

Da a wata rana ce da Ramlat ta yi dariya. Yau kam hankalinta na kan tebur.

"Umma, kaskon turaren... a ina kika sa shi?"

"Ina tambayarki kina tambayata?"

"Don Allah, Umma."

Hajiya Jummai ta dube ta sheƙeƙe.

"A cikin sif mana. Kayanki duk warin esi suke, ba ƙamshi ko na sisi. 'Ya mace a ce haka kayanta suke?"

"Kin rufe ƙofar sif ɗin?"

"Ana turara kaya a buɗe ne?"

"Ya daɗe?"

"Na sa, na yi azahar, na ƙara garwashi, na ɗan kishingiɗa. Da na tashi zan fito da kaskon ne na ga mayafi a sama ya zamo, na ce bari in ninke miki. Allah ne ya so ban faɗo daga kan kujera ba."

Ramlat ba ta jira izini ba. Ta miƙe, jakar ta zube ƙasa, ta nufi teburin.

Sai kuma ta tsaya, hannunta a sama.

Wata huɗu ke nan, amma har yau ba ta taɓa buɗe mayafin nan ba tare da tsigar jikinta ta tashi ba. Kiwon Talatu a wajenta yaƙi ne na kowace safiya. Da dogon hantsaki take jefa mata gyare, ta rufe ido ɗaya, ta kau da kai, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Ruwa kuwa da sirinji take ɗiga mata ta ƙofar murfi don kada hannunta ya shiga. Sau biyu ta gwada neman bayani a waya, hotunan da suka fito suka sa ta yi jifa da wayar kan gado. Daga nan ta haƙura, ta riƙe abin da Dikko ya gaya mata a gadon asibiti kawai.

"Ruwa kada ya yanke. Gyare ɗaya duk kwana goma. Ban da hayaƙi, ban da maganin sauro, kuma ba sai kin ɗauke ta ba, ita ma ba son hakan take ba. Sati ɗaya ne kawai, Ramlo, zan dawo in karɓi abata."

Bai dawo ba.

Ga shi yau sati uku ke nan Talatu ta ƙi cin komai. Gyare ya shiga ya yi ta tsalle a gabanta, ko kallo bai ishe ta ba, sai dai Ramlat ta sake zura hantsaki ta fito da shi. Ba wanda ta gaya wa. Kunya take ji a ce amanar da mutum ya riƙe shekara tara, ita ta kasa riƙe ta wata huɗu.

Ta yi bismillah ta janye mayafin.

Talatu na kwance rigingine a tsakiyar akwatin, a kan wata farar shimfiɗar yana. Cikinta a sama. Ƙafafun nan takwas a buɗe, sun kalli murfi.

Ba motsi.

Ramlat ta sunkuya. Ba ta taɓa kai fuskarta kusa da gilashin haka ba, har numfashinta yana dusashe shi.

"Talatu," ta ce a hankali.

Shiru.

"Talatu, don Allah."

Ko gashi ɗaya bai motsa ba. Daga cikin ramukan murfin ƙamshin turare ne ke fitowa, mai kauri, ya kama ƙasar ciki.

Ta durƙushe a gaban teburin. Ba ta yi ihu ba, hawayen ne kawai suka ɓalle, suna sauka a kan farar rigar aikinta. Ita kanta ta yi mamaki. Wata huɗu tana roƙon Allah ya kawo wanda zai raba ta da halittar nan, yau ga shi an raba su, kuma ji take kamar an sake yi mata rasuwa.

"Ikon Allah," in ji Umma daga bayanta. "Kuka kike? A kan tautau?"

"Ta mutu, Umma."

"To alhamdu lillahi, Allah ya raba ki da..."

"Ta Yaya Dikko ce."

Carbin ya tsaya.



Dikko ɗan fari ne, sunan ma ya faɗa. Shekara talatin da shida Hajiya Jummai ta yi tana yi masa alkunya, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci abinci sai dai ta aika a kai masa. Da ya rasu a nan Dubai visa ba ta fito mata ba, aka yi masa sutura a maƙabartar Al Qusais ba ta gani ba. A Kano ma, masu zuwa gaisuwa har yaba dauriyarta suke, don ba wanda ya ga hawayenta. Kwana ukun nan da ta yi a fulat ɗin da ya zauna, ko sau ɗaya ba ta ɗauko zancensa ba.

"Ta wa kika ce?"

"Tasa ce. Tun kafin ya kawo ni garin nan yake da ita."

"Ƙarya kike. Shi da hankalinsa."

"Wallahi Umma. Shekararta tara a hannunsa. Ranar Talata ya saye ta, shi ya sa ya sa mata Talatu."

Umma ta dubi teburin. Can ta ce, kamar da kanta take magana,

"Duk zuwan da nake yi?"

"In za ki zo sai ya kai ta wajen abokinsa Mu'awiya, mai cargo ɗin nan na unguwar Al Ras. Yanzu Mu'awiya su shida ne a ɗaki, sun ce ko ita ko shi. Shi ya sa na sa ta a sif."

"Ku biyu kuka haɗa kai kuka rufe ni."

"Tsoro yake kada ranki ya ɓaci."

"Ke kuma fa? Ke da ba kya iya kallon ta, me ya hana ki bayar?"

Ramlat ta goge hanci da bayan hannu.

"Na yi niyya, Umma. Sau uku ina ɗaukar akwatin in kai bakin ƙofa. Kayansa duk an raba, motar an sayar, layin wayarsa an rufe. Ita kaɗai ce ta rage da ya taɓa ciyarwa da hannunsa kuma tana numfashi. In na dawo aiki na ga ta canja waje, sai in ji kamar ba ni kaɗai ba ce a gidan."

Hajiya Jummai ta dafa bango ta miƙe. Gwiwa ta daɗe tana ba ta wahala, tafiyar falon nan ta taku shida sai da ta ɗauke ta lokaci. Ta tsaya a bayan 'yarta, ba ta matso sosai ba, ta leƙa.

Ta daɗe tana kallo.

"Yana yi mata magana?"

"Kullum."

"Me yake ce mata?"

"Komai. Labarin ofis. Ƙwallo. In ya yi kewar gida."

"Uhm."

"Ya ce halinku ɗaya."

Umma ta juyo da sauri.

"Ni da tautau?"

"Haka ya ce. Wai ba ta magana, ba ta son a taɓa ta, amma duk wanda ya shigo ɗakin tana jin takunsa tun daga ƙofa. Kuma ba ta taɓa cizonsa ba ko sau ɗaya."

Wani abu ya fito daga maƙogwaron Umma, shi ba dariya ba, shi ba kuka ba. Ta kai gefen mayafinta ta toshe baki.

"Ja'iri," ta ce. "Ja'irin yaro."

Ta ja kujera ta zauna, yanzu kam daf da teburin. Idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Ke nan ni na kashe ta."

"A'a Umma, ba ki sani ba. Ni na ɓoye ta a inda bai kamata ba. Kuma dama sati uku ba ta ci, ƙila ni ce na..."

"Ni na sa garwashi, ni na rufe ƙofa. Rai ne, Ramlatu. An shiga wuta a kan kyanwa, balle abin da aka bar mana amana. Astagfirullah. Na zo in gyara miki kaya, na ɓata abin da ba ya gyaruwa."

Ramlat ta kama hannunta. Rabon da ta riƙe hannun Umma haka har ta manta. Suka zauna su biyu suna kallon akwatin, ranar la'asar ta shigo ta labule ta kwanta a kan gilashin. Rashin sani dai ya fi dare duhu, kuma a falon nan ba wanda ya fi wani sani.

"Sai ki gaya wa abokin nasa," in ji Umma. "Ya kamata ya ji."

Ramlat ta kira. Ya yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ta tura masa saƙo, kalma uku: Talatu ta mutu.

"Yanzu ya ake yi da ita?" Umma ta tambaya.

"Ban sani ba."

"Ba dai a zuba ta a shara ba."

"A'a."

"Akwai 'yar ƙasa a bayan benen nan, wajen bishiyoyin da na ga ana ba ruwa da tiyo. A tona a sa ta. Ba wani abu za a yi mata ba, ba mutum ba ce, amma dai a rufa mata asiri."

"Umma, ba zan iya ɗaukar ta ba. Ko a mace ba zan iya ba."

"Na sani."

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Mu'awiya ne. Ta ɗauka, muryarsa na yankewa, don a falon nan sabis sai an yi sa'a. Ta zuge ƙofar gilashi ta fita baranda ta ja ta a bayanta. Zafin waje ya dake ta a fuska.

"Ramlat? Hello? Me na gani a message?"

"Yaya Mu'awiya, ta mutu. Umma ta sa turaren wuta a..."

"Tsaya, tsaya. Kai mai lodi, ya habibi, shwaiya shwaiya, a hankali! Kwalin nan gilashi ne a ciki! Yi haƙuri Ramlat, container muke lodi. Kika ce turare?"

"A sif na ɓoye ta, Umma ta turara kaya, ta rufe."

"Subhanallah. Hayaƙi ba shi da kyau gare su ko kaɗan. Yanzu ya kika gan ta?"

"Ba ta motsi."

"Na ji. Ya take kwance?"

"Kamar ya?"

"Ƙafafun. Sun naɗe ne a ƙarƙashinta, kamar an dunƙule hannu?"

"A'a. A rigingine take. Ƙafafun a sama, a buɗe."

 Ta ji ƙarar motar ɗaukar kaya tana ja da baya, wani yana ta cewa yalla, yalla.

"A rigingine?"

"Eh."

"Ta daina cin abinci kwanan nan?"

Kunya ta kama ta.

"Sati uku."

"Sati uku ba ki gaya min ba? Akwai yana a ƙarƙashinta, kamar ta yi shimfiɗa?"

"Akwai."

"Allahu akbar! Ramlat, ba mutuwa ta yi ba!"

Ta dafa ƙarfen barandar.

"Me ka ce?"

"Saɓa za ta yi! Irin ta maciji. Sau ɗaya a shekara suke yi, su daina ci, su saƙa shimfiɗa, su kwanta rigingine su fita daga tsohuwar fata. Wadda ta mutu ba ta kwanciya haka, dunƙulewa take. Dikko bai gaya miki ba?"

"Ce min ya yi sati ɗaya zai yi..."

"Allah ya ji ƙansa. Wallahi laifina ne, ni ya kamata in tuna. Ƙila ma tun safe ta kwanta, kafin turaren. In hayaƙin bai yi mata illa ba, inshallah za ta fita."

Dariya da kuka suka zo mata a tare. Ta ɗaga kai sama tana alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, ba ta ma san tana faɗa da ƙarfi ba.

"Amma ki saurare ni da kyau," in ji Mu'awiya, muryarsa ta canja. "Wannan ne lokacin da ya fi kowanne haɗari a rayuwarta. Jikinta yanzu kamar danyen ƙwai yake. Ki buɗe taga iska ta shiga, khalas, shi ke nan aikinki. Kada ki juya ta. Kada ki ɗiga mata ruwa. Kada ki girgiza akwatin. In aka motsa ta tana tsakiyar fita, maƙalewa za ta yi a cikin fatar, kuma daga nan ba mai iya ceton ta. Duk abin da za a yi, kada kowa ya taɓa ta. Kin ji ni? Ramlat?"

Ramlat ta riga ta juya.

Ta cikin ƙofar gilashin ta hango teburin. Murfin akwatin na ajiye a gefe.

Ta finciki ƙofar ta faɗa falon.

Umma na tsaye a tsakiyar ɗakin, tafukanta biyu a haɗe a gaban ƙirji. A cikinsu wani sabon farin hankici ne, an ninke shi a hankali, gefe a kan gefe. Hawaye na bin kumatunta ba ta damu ta share ba.

"Na ɗauke miki ita," ta ce. "Shi ban samu na taɓa likkafaninsa ba. Na ce ko wannan in yi masa da hannuna."

"Umma..."

Muryar Mu'awiya na ta fitowa daga wayar, ƙanƙanuwa, hello, hello.

"Umma, kada ki motsa. Don girman Allah kada ki motsa."

Hajiya Jummai ta dube ta, sannan ta sunkuyar da kai a hankali ta dubi hannunta. Fuskarta ta sauya.

"Ramlatu," ta ce da raɗa. "Abin nan motsi yake a hannuna."